Bashin da masu neman mai suka bari a ƙarƙashin dajin Kanada

Duk mai waya da ɗan data zai iya gwada wannan. Ka buɗe Google Earth, ka nemo garin Fort McMurray a arewa maso gabashin lardin Alberta na ƙasar Kanada, ka ja taswirar ka yi kudu da garin kaɗan, sannan ka matso da hoton. Za ka ga daji mai duhu don kauri, amma an tsattsaga shi da miƙaƙƙun layuka, wasu sun nufi gabas wasu sun nufi arewa, sun sarƙe kamar saƙar tabarma. A wasu wuraren tazarar da ke tsakanin layi da layi ba ta kai tsawon filin ƙwallo ba. Babu gida, babu gona, babu kwalta. Sawun masu neman man fetur ne, kuma da yawa daga cikin layukan sun girmi mai kallonsu.

Tun da rijiyar Leduc da ke kudu da Edmonton, babban birnin Alberta, ta yi ambaliya da mai a watan Fabrairun 1947, kamfanoni suka bazama cikin dajin arewa. Mai neman fetur ba ya fara haƙa sai ya saurari cikin ƙasa. Yakan jera na'urorin jin motsi a kan miƙaƙƙen layi, ya fasa nakiya a ƙananan ramuka ko ya sa manyan motoci su girgiza ƙasa, amon da ya dawo daga duwatsun ƙarƙashi shi ke nuna masa inda zai sa rai. Kafin a jera na'urorin kuwa sai an buɗe hanya. Daga shekarun 1950 har zuwa na 1990 katafila ce ke wannan aiki, galibi da hunturu lokacin da ƙasa ta daskare ta iya ɗaukar nauyi, tana share burtali mai faɗin mita 5 zuwa 10, ta miƙe ɗoɗar ba ruwanta da tudu ko fadama. A Alberta kaɗai tsawon waɗannan layuka ya haura kilomita miliyan ɗaya da rabi. Da za a haɗa su bakin juna, da sun zagaye duniya kusan sau 40.

A wancan zamani doka ba ta tilasta wa kowa ya mayar da dajin ba. Zaton hukuma da na kamfanoni ɗaya ne: daji ne, zai rufe da kansa. A 2006 wasu masana biyu, Philip Lee da Stan Boutin, suka bi tsofaffin hotunan sama don ganin ko ya rufe ɗin. Bayan shekara 35, kusan kashi 8 cikin 100 ne kacal na layukan itatuwa suka sake lulluɓe fiye da rabinsu. Mafi yawa suna nan a buɗe, ciyawa ce kawai a kansu.

Wannan ciyawar ita ce damuwata. Idan baƙo ya tsaya a kan irin wannan layi da bazara, kore shar zai gani, ya ce ai ƙasa ta warke. Ni kuwa ina ganin kallon kitse ake wa rogo, kuma duk wani lissafin gyara da ya tsaya a abin da ido ke gani a sama, ko ciyawa ce ko ma bishiyoyin da aka dasa, bai taɓo ainihin asarar ba.

A dajin ƙasashe masu zafi yawancin kabon, wato sinadarin da ke ƙara ɗumamar duniya idan ya tashi sama a matsayin iska, yana jikin itace ne, a gangar jiki da rassa. Dajin sanyi na arewa, wanda ya yi wa duniya rawani daga Alaska ya ratsa Kanada da Sikandinabiya har Saiberiya, ajiyarsa a ƙasa take. Sanyi da jiƙa suna hana ganye da saiwa ruɓewa da sauri, sai su yi ta taruwa. Inda abin ya fi ƙarfi shi ne fadamun da mutanen Cree, 'yan asalin yankin, suke kira maskeg. A can wata irin gansakuka ce ke sarauta. Tana tsirowa ta sama tana mutuwa ta ƙasa, matacciyar kuma ba ta gama ruɓewa saboda tana cikin ruwa mai tsami da babu iska. A shekara guda kaurin da ke ƙaruwa bai wuce milimita ɗaya ba. Ke nan tudun da ya kai tsayin gwiwa aikin ɗaruruwan shekaru ne, wanda ya kai zurfin mita biyar kuma tun kafin a gina dalar Masar aka fara tara shi. Irin waɗannan fadamu ba su wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon ɗin da ke kwance a cikinsu ya fi wanda ke jikin itatuwan dazukan duniya gaba ɗaya. Kusan rubu'insu kuma a Kanada suke.

Fuskar maskeg ba shimfiɗaɗɗa ba ce. Tudu-tudu ne da kwari-kwari, kamar gonar doya da aka bari ta tsufa. A kan waɗannan 'yan tuddai ne, inda saiwa za ta sha iska, ƙwayar baƙin sifurus, bishiyar da ta fi yawa a wurin, ke samun tsira. Katafila ta zo ta aske tuddan, ta danne abin da ya rage. Fuskar layin ta sauka da 'yan santimita. Mutum zai ce mene ne santimita biyar ko goma? A wurin da ruwa ke kwance dab da fuskar ƙasa, su ne iyaka tsakanin inda itace ke rayuwa da inda yake nutsewa. Bishiyoyin da suke zuƙe ruwa suna fitar da shi ta ganye kuma an sare su, sai jiƙar ta ƙaru. Inuwa ta tafi, rana ta samu ƙofa, ƙasa ta yi ɗumi. Daga nan ciyayin ruwa masu kama da jiji su mamaye wurin. Waɗannan ciyayi suna da rami a cikin kara, ta nan iskar metan da ƙwayoyin halitta ke haifarwa a cikin laka take samun bututu ta fito sarari ba tare da ta bi ta busasshiyar gansakukar da a da take tace ta ba. Metan kuwa, a cikin shekara 20 na farko, ta fi iskar kabon riƙe zafi kusan sau 80. Can arewa sosai, inda ƙarƙashin ƙasa ke daskare shekara da shekaru, ɗumin layin yana narkar da ƙanƙarar, ƙasa ta lotsa, layin ya zama magudana. Wannan kam babu mai mayar da shi.

A 2019 Maria Strack ta Jami'ar Waterloo da abokan aikinta suka lissafa cewa aƙalla kilomita 345,000 na waɗannan layuka sun ratsa ta cikin fadamun Alberta, wato kusan nisan da ke tsakaninmu da wata, sun ci fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,900. Sun ƙiyasta ƙarin metan da ke fita saboda haka da tan dubu 4 zuwa 5 a shekara, kuma suka nuna cewa ba ya cikin rahoton hayaƙin da Kanada ke miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya. Mai son kare kamfanoni zai ce wannan adadi ɗan ƙarami ne idan an gwada shi da abin da rijiyoyi da bututu da matatun lardin ke fitarwa. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai bututun da ke yoyo ana iya ɗaure shi gobe da safe a huta. Layin da aka yanka a 1965 yana nan yana huci, babu makunnin da za a murɗa, kuma ba a rubuta shi a littafin kowa ba. Abin da ba a rubuta ba, babu ranar da za a tambayi wani kuɗinsa.

Akwai ma wata dabara a wurin awo da ya kamata mai karatu ya sani, domin da ita ake iya rufe bakin mai ƙorafi. Idan ka haƙi santimita goma na sama a kan layi, ka haƙi goma a cikin dajin da ke gefe, ka auna, mai yiwuwa ka tarar kabon ɗin kan layi ya yi daidai da na daji ko ma ya fi. Duk wanda ya taɓa sayen auduga ya san dalili. Buhun da aka danna da ƙafa ya fi wanda aka zuba sakwa-sakwa nauyi, alhali ba wata sabuwar auduga da ta tsiro a ciki. Katafila ta cusa ƙasar santimita goma sha biyar cikin goma, shi ke nan. Awon gaskiya sai an gwada nauyi da nauyi, an kuma bi iskar da ke shiga da wadda ke fita tsawon shekaru. Wannan aiki ne mai tsada da gajiyarwa, cikin sauro da laka, shi ya sa ƙirga bishiyoyi ya fi farin jini.

Kada a ɗauka ko'ina haka abin yake. A kan tudu mai busasshiyar ƙasa, inda bishiyar asfen ke tsirowa daga saiwar da ta rage a ƙarƙashi, layi yakan rufe a cikin shekaru ashirin ko talatin, ganye ya dinga zuba, baƙar ƙasar sama ta dinga dawowa a hankali. Abin da ke hana irin wannan wuri warkewa sau da yawa mutane ne. Layi ya zama hanyar mafarauta da masu baburan ƙafa huɗu da na kan dusar ƙanƙara, kowane wucewa yana karya tsiro yana ƙara danne ƙasa. A nan maganin mai sauƙi ne: a toshe bakin layin da gungume, a ƙyale shi.

Abin mamaki, ba don kabon aka fara gyaran layukan ba. Don wata dabba ce, karibu, mai kama da barewa amma ta fi ta girma da ƙahoni. Dabararta ta tsira ita ce ta shige tsakiyar maskeg inda kyarkeci ke wahalar bi. Layukan sun ba kyarkeci titi. An auna an ga yana gudu a kansu ninki biyu zuwa uku na yadda yake yi a cikin daji. Ƙananan tsirran da suka fito kuma sun jawo barewa da sauran manyan dabbobin da ke ƙara wa kyarketai yawa. A 2003 Kanada ta sa karibun daji cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana, a 2012 kuma gwamnatin tarayya ta ce kowane garke yana bukatar aƙalla kashi 65 cikin 100 na mazauninsa ya kasance ba a taɓa shi ba. A yankin Little Smoky da ke yammacin Alberta abin da aka taɓa ya haura kashi 95. Me hukuma ta yi? Tun daga 2005 take harbin kyarketai daga jirgi mai saukar ungulu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Gyaran da ake yi yanzu a fadamu shi ne a kai motar haƙa da hunturu, ta cusa cokalinta ta ɗebo laka ta kifar a gefe, ta yi tudu, a dasa sifurus a kai. Haka za a bi layin, rami da tudu, rami da tudu, a kuma karyo wasu bishiyoyin gefe a gicciye don kyarkeci ya rasa gudu. Kamfanin Cenovus ya yi irin wannan a kusa da Cold Lake, gamayyar kamfanonin da ke fitar da mai daga yashi mai ɗauke da kwalta ta yi a yankin Algar. Dashen yana kamawa, wannan ba a jayayya. Kuɗin kowace kilomita kuwa yakan kai dalar Kanada dubu 10 ko fiye.

A nan ne nake rabuwa da masu tafi. Cokalin motar nan yana binne gansakuka mai rai da ke sama, ya fito da tsohuwar da ta yi ɗaruruwan shekaru a ɓoye cikin ruwa, ya shanya ta a iska. Da zarar ta sha iska sai ta ci gaba da ruɓewar da ta tsaya tun zamanin kakanni, kabon ɗinta ya tashi. Ramin da aka bari a gefe ya cika da ruwa, ya zama sabuwar tukunyar metan. An shigar da mota mai nauyi karo na biyu wurin da mota mai nauyi ta ɓata. Fatan shi ne nan da shekaru masu yawa bishiyoyin za su girma, su busar da wurin, gansakuka ta hau tuddan, a rama abin da aka rasa har a ci riba. Wataƙila haka ne zai faru. Amma idan takardar kammala aiki tana tambaya ne kawai ko dashe ya kai mita kaza, to ko gyaran gangar Auzinawa aka yi, za a buga masa hatimi a ce an gama.

Ban ce a daina ba. Garken karibun da ya rage 'yan gommai ba zai jira shekara ɗari ba, kuma inda rayuwarsa ta dogara da rufe layi, ina goyon bayan a rufe ko da za a yi asarar kabon. Abin da nake cewa shi ne a faɗi hakan a fili, a rubuta asarar a matsayin asara. Akwai kuma hanyoyin da suka fi sauƙin hannu da masana ke gwadawa, kamar a ciro tudun gansakuka da ransa daga gefe a dasa shi a kan layi ba tare da an kifar da shi ba. Muddin ma'aunin nasara bishiya ce kaɗai, ba wanda zai biya ƙarin kuɗin irin wannan kulawa. 'Yan siyasa ma bishiya suke so, don ana ɗaukar hoto da ita. A 2019 Justin Trudeau ya yi alƙawarin dasa bishiya biliyan 2. Ban taɓa jin ɗan takarar da ya yi alƙawarin milimita ɗaya ta gansakuka ba.

Wurin haƙar yashin mai da ke arewa da Fort McMurray ya nuna inda wannan tunani ke kaiwa idan ya girma. Dokar Alberta ta ce kamfani ya mayar da ƙasa ta zama tana da amfani kwatankwacin na da. Kalmar kwatankwaci ta haɗiye komai. An kwashe maskeg, an mayar da tudu mai bishiyoyi da tafki, an ce an biya. Wurin farko da ya samu takardar shaidar gyara shi ne Gateway Hill na kamfanin Syncrude, hekta 104, a 2008, shekara 41 bayan fara haƙar yashin mai a yankin a 1967. A 2012 Rebecca Rooney da Suzanne Bayley da David Schindler suka lissafa cewa musanya fadamun da tudu a ma'adinan da aka riga aka amince da su zai saki kabon tan miliyan 11 zuwa 47. Kamfanonin Suncor da Syncrude sun gwada gina fadama da hannu, kuma gwajin abin yabo ne, amma 'yan hekta ne, kuma ko sun yi nasara a kan milimita ɗaya a shekara za su tafi kamar kowa.

Sai maganar wanda zai biya. Kamfani yakan yi shekara ashirin ko talatin a saye shi ko ya karye. Da yawa daga waɗanda suka yanka tsofaffin layukan babu ko allon sunansu yau. A kan rijiyoyi an riga an ga ƙarshen wasan. Sai da aka kai Kotun Ƙolin Kanada, a shari'ar kamfanin Redwater a Janairun 2019, kafin aka tabbatar cewa dukiyar kamfanin da ya karye za ta fara gyara ɓarnarsa kafin banki ya ɗauki bashinsa. Duk da haka a 2020 gwamnatin tarayya ta fitar da dalar Kanada biliyan 1.7 daga aljihun jama'a don share rijiyoyin da aka yasar a lardunan yamma. Rijiya ke nan, mai lamba da mai ita a rubuce. Ina ga layin da ba a taɓa ɗora wa kowa nauyinsa ba?

Don haka ra'ayina shi ne kuɗin gyara a karɓe shi tun ranar ba da izini, a ajiye a asusun da karyewar kamfani ba ta taɓa shi, kuma kada a sake shi don an ga kore. A sake shi idan awon ƙasa da na ruwa da na iska sun nuna wurin ya kama hanyar komawa yadda maƙwabcinsa yake. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Idan aka yi wa kilomita ɗaya ta maskeg mai zurfi kuɗi na gaskiya, kamfanoni da kansu za su gano cewa kewaye ta ya fi araha. An ga alamar haka. Da aka matsa musu, daga shekarun 1990 suka koma yanka siraran layuka masu lanƙwasa, faɗin mita 2 zuwa 4, da injin da ke niƙe itace ba tare da ya kankare ƙasa ba, yanzu ma akwai na'urori marasa waya da mutum ke ɗauka a kafaɗa ya shiga da ƙafa. Sai dai siraran layukan an ninka yawansu, su ne saƙar tabarmar da ka gani a taswira.

Wannan ninkawar ce ta kai mutanen Blueberry River, wata al'umma ta 'yan asalin ƙasar, kotu a maƙwabcin lardi, British Columbia. Kakanninsu sun shiga Yarjejeniya ta 8 da gwamnati, wadda aka fara sa wa hannu a 1899, bisa alƙawarin za su ci gaba da farauta da kamun kifi yadda suka saba. Kowane izini da gwamnati ta bayar, idan an dube shi shi kaɗai, ƙarami ne: layi ɗaya, rijiya ɗaya, hanya ɗaya. A Yunin 2021 kotu ta yanke cewa idan an tara su sun karya alƙawarin. Gwamnatin lardin ba ta ɗaukaka ƙara ba. A Janairun 2023 aka cimma yarjejeniya da ta ƙunshi asusun gyara na dalar Kanada miliyan 200 da kuma iyaka kan yawan sabon filin da kamfanonin mai da gas za su buɗe a shekara. A ganina iyakar ta fi kuɗin daraja, domin ita ce kaɗai ɓangaren da ke aiki da gudun da ƙasar ke iya bi.

Mu da ake neman mai a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe, ake kuma haƙarsa a Agadem ta gabashin Nijar, ba mu da maskeg, ƙasarmu da tasu ba ɗaya ba ce, kuma ba zan ce abin da ya faru can shi zai faru nan ba. Amma takardar izini iri ɗaya ce a ko'ina. Kanada tana da kotuna masu ƙarfi da jami'o'i masu kuɗi da 'yan jarida masu bin diddigi, duk da haka ta yi shekaru masu yawa kafin a gane cewa yawancin layukan ba su rufe ba. Da zan samu zama da wanda ke sa hannu a irin wannan takarda, a Edmonton ko a Abuja ko a Yamai, tambayoyi biyu zan yi masa: ina taswirar duk inda aka bi da mota, kuma a hannun wa kuɗin awon shekara ta 2075 yake?